Malaman gona masu zaman kansu: tambayoyin da manoma suka fi yi, da amsoshinsu

A yankunan da ake noman masara da shinkafa da tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Kebbi, wanda ke gaya wa manomi irin da zai shuka da maganin da zai fesa a yau, sau da yawa ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Mai shagon magani ne, ko yaron kamfani mai babur da waya a hannu, ko mai feshi. Wasu manoman sun samu alheri ta wannan hanya, wasu kuwa sun ji jiki. Ga tambayoyin da suka fi fitowa daga bakinsu.

Su waye ake kira malaman gona masu zaman kansu?

Duk wanda ke koya wa manomi dabarun noma amma ba gwamnati ke biyan sa albashi ba. Wanda ya fi kusa da kowa shi ne mai shagon iri da taki da magani a kasuwar ƙauye. Sai wakilan kamfanonin iri da na magani, masu buɗe gonar gwaji a bakin hanya su kira taro idan amfani ya nuna. Sai kamfanonin da ke ba da kayan noma bashi tare da horo, a biya da kaka, irin su Babban Gona da ya fara aiki a Jihar Kaduna a 2012 yana haɗa manoma ƙananan ƙungiyoyi, da kuma masana'antun shinkafa da na tumatir masu ƙulla yarjejeniya da manoman da ke kewaye da su. Akwai matasan da aka horar da su feshi, suna yi a biya su. Akwai kuma ƙwararren da manomi ke ɗauka da kuɗinsa kai tsaye. Wannan na ƙarshe bai cika yawa a noman hatsi ba, an fi ganin sa wajen masu kiwon kaji da kifi da manyan masu lambu.

Ƙungiyoyin agaji irin su Sasakawa, da ta shigo Nijeriya a 1992, su ma ba gwamnati ba ne, amma ba ciniki ya kawo su ba, don haka lissafinsu daban.

To ina malaman gona na gwamnati suka shiga?

Suna nan, sai dai sun yi ƙaranci matuƙa. Tsarin da dattawa ke tunawa ya samo asali ne daga shirye-shiryen raya noma da aka fara a Funtua da Gusau da Gombe a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, daga baya kowace jiha ta samu nata, kamar KNARDA a Kano da JARDA a Jigawa. A lokacin malamin gona na da babur, yana da man da zai zuba, yana da ranar da zai zo ƙauye. Da kuɗin bankin ya ƙare, jihohi ba su riƙe aikin yadda ya kamata ba. Tsofaffin malamai suka yi ta ritaya ba a maye gurbinsu ba, har ta kai malami ɗaya na da dubban manoma a wuyansa.

Ilimin kansa bai gushe ba. Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru da ta NAERLS a Zariya suna aiki, kuma da yawa daga abin da malamin kamfani ke faɗa daga can ya samo tushe. Hanyar da ke kai ilimin bakin gona ce ta toshe, 'yan kasuwa suka shigo ta wannan giɓi.

Shawara ai kyauta muka saba ji. Don me zan biya?

Ko ka sani ko ba ka sani ba, kana biya. Shawarar mai shago tana cikin ribar kwalbar da ya sayar maka. Ta malamin kamfani tana cikin kuɗin da aka ɗora a kan bashin taki. Ta wakilin masana'anta tana cikin farashin da za a sayi shinkafarka. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci kafin ka bi maganar kowa ita ce: wa ke biyan mutumin nan, kuma a kan me ake biyan sa?

Wanda ake biya bisa yawan kwalaben da ya sayar, da wuya ya ce maka gonarka ba ta buƙatar feshi. Wanda ake auna aikinsa da yawan manoman da suka biya bashi, zai so gonarka ta yi kyau, domin in ba ta yi ba shi ma zai ji a jikinsa, amma zai matsa maka lamba ranar biya. Wanda kai ka ɗauka da kuɗinka shi ya fi 'yancin gaya maka gaskiya ko da ba ta da daɗi. Wannan ba zargi ba ne ga kowa. A cikin masu shago akwai masu tsoron Allah da za su ce "Baba, mayar da kuɗinka aljihu, ruwa ne ya kwanta a gonar, ba cuta ba ce." Amma sanin inda abincin mutum ke fitowa shi ke nuna maka inda maganarsa za ta iya karkata.

Me manoma ke yabawa, me kuma suke kuka da shi?

Abin da suka fi yabawa shi ne zuwa a kan lokaci. Tsutsa ba ta jiran ranar kasuwa. Malamin da za ka kira da safe ya iso kafin la'asar ya fi maka wanda ya fi shi ilimi amma sai bayan mako biyu. Na biyu, shawarar tana zuwa da kayanta. Da yawa daga manoma sun san ya kamata a sa taki kwana goma zuwa sha huɗu bayan shuka, kuɗin ne babu a watan Yuni. Wanda ya kawo shawara da buhun taki tare ya warware matsalar da gaske. Na uku kasuwa: sanin wanda zai saya tun kafin a shuka yana sa manomi ya yi barci.

Koke-koken kuma ba ƙanana ba ne. Kamfanoni sun fi bin masara da shinkafa da waken suya, kuma sun fi bin ƙauyukan da mota ke shiga. Mai noman gero da dawa da wake a jigawa, wanda shi ne mafi yawa a arewacin Katsina da Jigawa da Yobe, ba a cika waiwayar sa ba. Inda matsalar tsaro ta yi tsanani kuwa, su ne farkon janyewa. Akwai kukan cewa ana turo yara da aka yi wa horon 'yan kwanaki, sun haddace abu ɗaya suna maimaita shi a kowace gona, ko laka ce ko yashi. Akwai na kawo kaya a makare, iri ya iso bayan maƙwabta sun gama noman fari. Akwai na sikeli da farashi ranar biya. Sannan dattawa na jin zafin yadda wasu ke raina abin da suka gada, kamar haɗa gero da wake a gona ɗaya, alhali wannan haɗin shi ke ceton gida a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri.

In aka tattara, manomi ba ya ƙin biya. Abin da yake ƙi shi ne ya biya magana kawai. In ya ga mutum ya tuɓe takalmi ya shiga kunya, ya ga bambanci a buhu, zai biya har ya kira maƙwabci.

Na kai ganyen masara shago, an haɗa mini magani kala uku. Daidai ne?

Yawanci ba daidai ba ne. Abin da ke faruwa kusan kullum shi ne: manomi ya ciro ganye daga aljihu, ya riga ya yanƙwane, shago cike da mutane, mai shago ya juya shi sau ɗaya ya miƙo maganin ƙwari da na cuta da takin feshi, ya ce a zuba gwangwanin madara ɗaya-ɗaya. Bai tambayi kwanan shukar ba, bai tambayi ko ganyen ƙasa ne ko na sama ba. Ya haɗa uku ne don ko wanne ne ya dace.

Ga abin da ya kamata a bambance tukuna. In ganyen ƙasa ne ke yin rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, yunwa ce, yuriya take so ba feshi ba. In ganyen ƙaramar shuka ya yi shunayya, ƙarancin sinadarin da ke cikin takin sufa ne. In siraran layuka ne masu rawaya suka bi tsawon ganyen, cuta ce da wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa, shukar da ta kamu ba ta warkewa da kowane magani, mafita ita ce iri mai jurewa a shekara mai zuwa. In kuwa ganyen ya huhhuje, ka leƙa tsakiyar shukar ka ga kashi kamar garin katako, to tsutsar nan ce da ta shigo Nijeriya a 2016.

Ko ita ma ba ganin ta kawai ke wajabta feshi ba. Ka ratsa gonar ka tsaya wuri biyar daban-daban, ban da bakin gona, kowane wuri ka duba shuka goma. In goma cikin hamsin ɗin nan sun kamu alhali masarar tana ƙarama, lokacin feshi ya yi. In ta kusa fitar da kai, ana iya jira sai sun kai ashirin. A fesa da sassafe ko da yamma, a saita bakin injin cikin tsakiyar shukar inda tsutsar ke ɓuya. Kuma kada a maimaita magani mai sinadari ɗaya sau da yawa a jere, ko da sunan kwalbar ya canza. Masu tumatir na Kadawa da Kura sun ga abin da hakan ke haifarwa da tsutsar da suke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016: ana ƙara magani, ita kuma tana ƙara sabawa da shi.

In za ka je shago, tumɓuke shuka guda da saiwarta, ka kai ta da ɗanyenta.

Yaya zan gane malamin da ya san aikinsa?

Na ƙwarai tambaya yake fara yi. Me aka shuka bara? Ruwa na kwanciya? Akwai ƙuduji? An kai takin gida? Nawa kake da shi a hannu? Wanda ya fara da sunan kayan da zai sayar maka, ka yi hattara.

Sannan ka gwada shi da lissafi uku.

Na farko tazara. A masara, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, shuka ɗaya a rami, yana ba da shuka wajen 53,000 a hekta, kuma irin da ake buƙata kimanin kilo 20 ne. In ya kasa gaya maka wannan, bai kai ba.

Na biyu taki. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowane sinadari cikin ukun, buhun yuriya kuma kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye kore. Cikakken abincin masara mai aure, wato irin da aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, a yankin Zariya da Saminaka ya kai buhu takwas na kamfa da biyu da rabi zuwa uku na yuriya a hekta, wato wajen uku da ɗaya a eka. Kamfa kwana goma zuwa sha huɗu bayan shuka, yuriya a mako na huɗu zuwa na shida, a tona ɗan rami nesa da gindin shuka kamar faɗin tafin hannu, a zuba a rufe, ƙasa na da danshi. Yuriyar da aka watsa a sarari rana ta buge ta, wani kaso nata iska ke tafiya da shi. Malamin kirki kuma in ka ce masa buhu uku kawai za ka iya saye, ba zai ce ka barbaɗa a hekta guda ba. Zai ce ka rage faɗin masarar ka ciyar da ita sosai, sauran wurin ka sa waken suya ko gyaɗa.

Na uku injin feshi, kuma nan aka fi yin ɓarna. A auna fili mita goma sau goma, a cika injin da ruwa zalla, mai feshi ya fesa da tafiyar da ya saba, a auna ruwan da ya tafi. In lita biyu ce, to hekta za ta ci lita 200, wato goyo goma sha biyu da rabi na injin mai lita 16. Maganin da aka rubuta lita huɗu a hekta ke nan mililita 320 a kowane goyo, wajen gwangwanin madara biyu. Wanda aka rubuta lita ɗaya kuwa mililita 80 ne, rabin gwangwani. Ka ga "gwangwani ɗaya-ɗaya" ya yi wa wancan kaɗan, ya yi wa wannan yawa. Ya kamata kuma ya san bakin feshin ciyawa, mai shimfiɗa ruwa kamar mafici, daban yake da na ƙwari, ya san ruwa mai laka yana kashe ƙarfin maganin ciyawa mai gilayifoset, ya kuma san injin da aka fesa maganin ciyawa na 2,4-D da shi in ba a wanke shi sosai ba zai nannaɗe ganyen wake da tumatir da auduga.

Kamfani zai ba ni iri da taki da malami, in biya da kaka. Me zan duba kafin in sa hannu?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin nan ake samun arziki, nan kuma ake rasa gona. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba, kuma wanda zai karanta ya zama naka ne, ba nasu ba. Ka karɓi kwafi ka ajiye.

Fara da awon gona. Ka bi mai awon da ƙafarka yana zagayawa da wayarsa, ka ga lambar da ta fito. Hekta mita 100 ce sau 100, kusan eka biyu da rabi. Gonaki da yawa da ake kira hekta ba su kai ba. In aka rubuta maka hekta alhali kashi bakwai cikin goma ce, ka ci bashin da gonar ba za ta iya biya ba.

Sai farashin kowane abu daban-daban: iri nawa, taki nawa, magani nawa, kuɗin malami nawa, inshora nawa, buhu da dako nawa. Ka kwatanta da farashin kasuwa na wannan makon. Ƙari kaɗan ba laifi ba ne, tunda sun kawo maka har gida sun kuma jira ka wata biyar, amma ka san yawansa.

Sai ranar kawo kaya. A rubuta ta, a kuma rubuta abin da zai faru in sun makara. Masarar da aka shuka mako uku bayan lokacinta ba za ta ba da abin da aka lissafa ba, bashin kuwa ba ya raguwa.

Sai yadda za a biya. Da kuɗi ne ko da buhu? In da buhu ne, kilo nawa ne buhun, kuma da wane farashi, na ranar sa hannu ko na ranar awo, na wace kasuwa? Da kaka farashi a ƙasa yake. Wasu kamfanonin suna ajiye hatsin su sayar idan ya yi tsada su ba manomi ƙari, to a rubuta yadda za a raba wannan ƙarin da watan da za a biya.

Sai batun danshi, inda rigima ta fi tashi ranar awo. Ana son masara ta bushe zuwa kashi 13 cikin ɗari, shinkafa mai ƙaiƙayi zuwa 14. Masara kilo 100 mai danshi 18 in ta bushe zuwa 13 tana komawa kilo 94 da ɗan ɗoriya. Saboda haka in an ce za a cire maka kilo goma sha biyar a kan wannan danshin, ka nemi bayani. Ka tsaya a gaban sikelin, ka ga an soka na'urar awon danshi a buhunka, ka ga lambar da idonka. Gara ma ka ƙara shanya ta kwana biyu a kan tamfol ka kawo ta a bushe.

Sai lamunin juna. Yawancin waɗannan tsare-tsare in ɗan ƙungiya ɗaya ya kasa biya, sauran ne za su biya masa ko a hana su duka baɗi. Kada ka shiga ƙungiya da mutumin da ba ka san gonarsa da halinsa ba, ko da ɗan'uwanka ne.

Na ƙarshe, fari da ambaliya da ƙwari. In an ce akwai inshora, wace asara take biya, cikin kwana nawa ake kai rahoto, wa ake kai wa? Mutane da yawa sun biya kuɗin inshora ba su taɓa sanin suna da ita ba.

Wani gefen kuma dole a faɗe shi. Tun shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, wasu suka ɗauki kayan bashi kamar rabon gwamnati, su sayar da takin a kasuwa ko su karkatar da amfanin wajen dillali da dare. Wannan ɗabi'a ita ke sa kamfanoni tsaurara sharuɗɗa, mai gaskiya ya sha wahalar laifin wani.

Ƙarin da ake ɗorawa a kan bashin, ba kuɗin ruwa ba ne?

Ya danganta da yadda aka ƙulla cinikin. Sayar da kaya bashi a kan farashin da aka yanke tun farko daban yake da ba da kuɗi a karɓi ƙari, kuma tarar da ke hauhawa saboda jinkirin biya ita ma hukuncinta daban. Wannan fagen malaman fiƙihu ne. Ka ɗauki takardar kanta ka kai wa malamin da ka amince da shi, kada ka ba shi labari da baki kawai.

Na bi shawara gonar ta lalace. Wa zai biya ni?

Maganar gaskiya, in ba a rubuce take ba, da wuya ka samu komai. Shi ya sa shaida ke da muhimmanci tun daga farko. Ka karɓi rasit. Ka ajiye ledar irin da takardar da ke jikinta, da ɗan ragowar irin kamar cikin hannu. Ka ajiye kwalbar maganin nesa da yara. Ka rubuta ranar shuka da ranar taki da ranar feshi, ko a bangon littafin ɗanka ne. In matsala ta bayyana, ɗauki hoto a ranar, ka kira wanda ya ba ka shawarar ya zo ya gani a gaban mai unguwa ko sarkin noma, ka kuma nemi malamin gona na gwamnati ya duba, tunda shi ba shi da kaya a ciki.

A yi adalci kuma. Irin da bai tsiro ba na iya zama matacce ne, yana iya zama an binne shi da zurfi, ko ruwa ya ɗauke kwana goma bayan shuka. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin tsiro kafin shuka: ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, a ƙirga bayan mako guda. In masara ba ta kai tamanin da biyar ba, mayar da ita tun ledar na hannunka.

Ta yaya zan kauce wa jabun iri da magani?

Ingantaccen iri yana zuwa a rufaffiyar leda da takardar shaidar hukumar iri ta ƙasa, NASC, kuma da yawa yanzu suna da lambar da ake kankarewa a tura ta waya. Hatsin da aka shafa wa jan launi aka auno a kwano ba iri ba ne. Magani kuma ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da murfin da ba a taɓa buɗewa ba. Layin launi da ke ƙasan takardar yana nuna ƙarfin gubar, ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Ka kuma tambaya ko irin mai aure ne. Mai aure ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa, amfanin zai faɗi. Marasa aure kuwa, irin su masarar SAMMAZ 15 mai jure ƙuduji, ana iya ɗibar iri daga tsakiyar gona shekara biyu zuwa uku kafin a sabunta.

Eka ɗaya gare ni. Ina ni ina ɗaukar malami?

Kai kaɗai ba zai yiwu ba, amma ku ashirin masu gonaki kusa da juna zai yiwu. Ku yanke ziyarar da ta zama dole: kafin shuka, lokacin takin farko, lokacin duba tsutsa da taki na biyu, lokacin goyo, sai gab da girbi. Ku biya rabin kuɗin a hankali bisa kowace ziyara, rabin kuma da kaka, ko da tiya-tiya ne na hatsi. Wanda ya yarda a jinkirta masa wani kaso zuwa kaka ya yarda da aikinsa ke nan.

Duk sabon abin da ya kawo, kada a juye gona gaba ɗaya a kansa. A ware kunya goma a bi tsarinsa, kunya goma a gefe a yi yadda aka saba, rana ɗaya, ƙasa iri ɗaya, ba a gindin bishiya ko inda aka taɓa ɗaure shanu ba. Da kaka a sussuke kowanne daban a auna, a cire kuɗin da kowanne ya ci. Gonar gwajin kamfani da ke bakin titi an ba ta kulawar da taka ba za ta samu ba, don haka taka ce za ta gaya maka gaskiya.

Shawarar waya da bidiyon WhatsApp fa?

Tana da amfani a abubuwan da ba sa buƙatar ganin gona: farashi a Dawanau ko Dandume, hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, tunatarwa kan ranar taki. Akwai manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice, wadda matasa ke amfani da ita su yi wa mai shinkafa tambayoyi kan gonarsa sannan su fitar masa da adadin takin da ya dace da ita. A Nijar, ƙungiyar RECA na amsa tambayoyin manoma ta waya da Hausa, kuma da yake yawancin maganin da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram daga Nijeriya yake shiga, bayanansu kan magunguna sun shafi ɓangarorin biyu.

Inda waya ke kasawa shi ne gane cuta. In dole sai hoto, ka tura uku: gonar daga nesa, shukar gaba ɗaya, da ganyen ta ciki da ta baya. Bidiyon da ba a san wanda ya yi shi ba, mai cewa a haɗa kaza da kaza a fesa, kada ka gwada shi a kan abincin gidanka.

Ni mace ce, gonata yara ke kula da ita, malamin kuma da maigida yake magana. Yaya zan yi?

Wannan giɓi ne babba, kuma kamfanoni da yawa ba su cike shi ba. Mata ne ke riƙe da turara shinkafa da matsar gyaɗa da kiwon awaki da kaji da ajiyar wake, amma horon yana ƙarewa a ƙofar gida. Abin da ya fi aiki shi ne ku haɗu ta ƙungiyar adashi ko ta Islamiyya ku nemi a turo muku malama mace, a yi zaman cikin gida a lokacin da ya dace da ku. In bashi za ki karɓa, a rubuta shi da sunanki da lambar wayarki, kuɗin amfanin kuma ya shigo asusunki. An sha ganin bashi a wuyan mace, kuɗin kuma a aljihun wani.

Aikin malami ya ƙare da girbi?

Bai ƙare ba, kuma a nan ake gane wanda ya damu da manomi, domin shawarar kirki a wannan mataki ba ta kawo wa mai shago riba sosai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya, wake iri ɗaya da wanda muke dafa wa 'ya'yanmu. Maganin feshin gona ba na zubawa a hatsi ba ne. Ƙwayar ajiyar hatsi da ake kira bam kuma hayaƙinta na kisa, ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko wanda ya haɗa bango da shi.

Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, ta hanyar hana su iska. A tabbatar waken ya bushe har yana ƙara a haƙori. A hura kowace leda a duba ko ta huje. A zuba, a matse iskar, a murɗe bakin ledar farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Wanda za a ci a gida a ware shi a wani mazubi tun ranar ɗauri.